Wata Goma Sha Huɗu Da Na Yi A Gida Sun Kusa Cinye Katin Zamana

Lokacin da wannan abu ya same ni shekarata talatin da huɗu, nas ce ni a wani gidan kula da tsofaffi a Maryland, kuma a ganina na gama sanin kan Amurka. Daga kudancin Kaduna na fito. Ina da shekara uku da samun katin zaman dindindin, wanda muke ce wa girin kad, ina haya a Hyattsville tare da wata Hajiya 'yar Kumasi da ta girme ni nesa ba kusa ba, ita Musulma ni Kirista, amma tukunyarmu ɗaya. Na riga na je gida mun ɗaura aure da wani malamin sakandare, na dawo na cike masa takardun neman ya biyo ni, muna jiran layi ya zo kanmu. Idan sabbin zuwa suka yi tambaya kan harkar takardu a coci, ni ake nuna musu. Na rubuto muku ne don ku ji yadda wannan sani nawa ya kusa kai ni ya baro.

Wata safiya aka kira ni daga gida cewa Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ce babba, kuma ni kaɗai na san aikin jinya a gidanmu. Na ɗauki hutun sati shida, na yanki tikitin zuwa da dawowa. Ina haɗa kaya Hajiya ta ce irin wannan ciwo ba a sa masa rana, in tsaya in ga lauya, don ta ji akwai takardar izini da ake nema tun kafin a fita idan za a daɗe a waje. Na yi dariya na nuna mata katin, na ce ai shekara goma aka rubuta a jiki. Na ƙara da cewa wani mutum a shagon kayan abincinmu na Wheaton ya gaya mini ya yi shekara ɗaya da rabi a gida, ya dawo ko kallonsa ba a yi ba. Ta ci gaba da ninke mini zannuwa.

Na tarar da Baba ko ruwa ba ya iya haɗiya sai an tallafe shi. Ni ke juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya, ni ke koya masa riƙe cokali kamar yaro. Sati shida ya cika, na ɗaga tikiti. Na sake ɗagawa, na kuma sake. A wata na goma Allah ya karɓi abinsa, kansa a kan cinyata. Waɗannan watanni goma ban taɓa nadamarsu ba. Inda na yi kuskure shi ne huɗun da suka biyo baya. Na riƙa cewa ina zaune ne saboda Mama, kuma da gaskiya a ciki, don sai da na ga ta koma wajen ƙanwata hankalina ya kwanta. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun da muka yi aure ni da maigidana ba mu taɓa yin sati uku a jere a ɗaki ɗaya ba, sai ga shi yanzu muna shan koko tare da safe, muna zuwa kasuwa tare. Ban so in tafi ba. Shi da kansa ne ya zaunar da ni ya ce in koma, kada mu rasa abin da muka daɗe muna jira.

Da na sauka a filin jirgi a Virginia, jami'in shige da fice ya tambaye ni yaushe rabona da ƙasar. Na faɗa masa. Sai aka wuce da ni wani ɗaki, na zauna har ƙafafuna suka kumbura. Wani jami'i ya zo, cikin ladabi ya yi mini bayani cewa wanda ya wuce shekara a waje ba tare da izini ba ana iya ɗaukar ya yi watsi da zamansa, ko da katin bai ƙare ba. Ya ajiye wani fom a gabana, ya ce idan na sa hannu na miƙa katin da kaina, magana ta ƙare. Na gaji, ga makoki bai sake ni ba, har na ɗauki biro. Sai na tambaye shi me zai faru da takardun maigidana. Ya ce a kan katina suke tsaye, idan babu shi babu su. Na ajiye biron na ce, "Ba zan sa hannu ba. Jinyar mahaifina na je, kuma a nan gidana yake." Ya ce haƙƙina ne. Ya karɓi katin, ya ba ni takardar wucin gadi da sammacin zuwa gaban alƙali.

Na isa gida ina jiran Hajiya ta tuna mini da maganarta. Ba ta yi ba. Ta zuba mini abinci, sannan ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Duk wasiƙar da ta zo da sunana tana ciki, a jere wata bayan wata. Lauyar da na samu ta yi kwana biyu tana duba kwalin. Ga takardar haya da sunana bai fita ba, ga lasin ɗin aikina da na sabunta ina can, ga shaidar biyan haraji, ga wasiƙun wurin aikina na ƙarin hutu. Na haɗa da tikitin da na yi ta ɗagawa, da rahoton likitan Baba. Ta ce duk waɗannan suna nuna niyyar dawowa, amma za a tambaye ni kan wata huɗun nan, kuma kada in kuskura in yi wa gaskiya kwaskwarima.

Kusan shekara biyu na yi ina jiran ranar shari'a. Na koma aiki, amma na daina tsayawa hira bayan coci don kunya. A can Kaduna har an fara gaya wa maigidana cewa na samu wuri na manta da shi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai ya ce in ci abinci, in yi barci.

Ranar shari'a Hajiya ta ɗauki hutu ta ba da shaida da ɗan Turancinta, ta ce kayana ko allura ba a taɓa ba, kullum ina cewa ina nan tafe. Lauyan gwamnati ya kai ga wata huɗun, ya tambayi abin da ya riƙe ni bayan an binne Baba. Na ce, "Mahaifiyata ta riƙe ni, mijina ma ya riƙe ni. Na yi kuskure da ban dawo da wuri ba. Amma da can nake son zama, da ban nemi a kawo shi nan ba." Alƙaliyar ta daɗe tana juya takardu. Daga nan ta ce ba ta ga hujjar cewa na yi watsi da zamana ba, ta rufe shari'ar. A bakin kotu na durƙusa ina kuka, Hajiya tana hamdala ni ina yabon Ubangiji, masu wucewa suna kallonmu.

Bayan haka aka kira maigidana intabiyu a ofishin jakadanci, aka ba shi biza. Ni da Hajiya muka je tarbarsa, ya fito da rigar sanyi da ta yi masa yawa, yana dariya har da hawaye. Yanzu yana koyar da lissafi a wata makaranta, muna da 'ya ɗaya. Neman zama ɗan ƙasa kuwa sai da na sake ƙirga shekaru daga farko saboda dogon zaman da na yi a waje, amma na kai, na yi rantsuwa.

Abin da na koya shi ne, shekarun da aka rubuta a jikin kati ba izinin zama a waje ba ne. Idan tafiya ta kama ki kuma ba ki san ranar dawowa ba, ki ga lauya, ki nemi izinin sake shiga tun ƙafarki tana ƙasar. Kada ki auna kanki da labarin wani da kika ji a shago, don sa'ar wani ba taki ba ce. Ki adana kowace takarda. Idan aka ajiye miki fom a filin jirgi, kada gajiya ko tsoro su sa ki sa hannu a abin da ba ki fahimta ba, ki nemi ganin alƙali. Duk wanda yake riƙe da katin nan kuma ya cike wa iyalinsa takardu, ya sani ba shi kaɗai yake tsaye a kansa ba. Ni na tsira, amma shekara biyu ta rayuwar aurena ta tafi a kan abin da zaman awa ɗaya a ofishin lauya zai hana.