Takalmin Yaya Mai Cokali

Faifan nan Yaya ya tsinto shi ne a haraj, kasuwar tsofaffin kaya, cikin kwali ɗaya da murfin tukunya da rimot ɗin talabijin da ba wanda ya san inda talabijin ɗin take. Kiɗan rok ne: jita mai lantarki tana ihu kamar an taka wa mage jela, ganguna kuma kamar ana rushe gini a unguwar Jarwal nan Makka. Amma abin da ya ɗaure mana kai shi ne ramukan da ke ciki. Ana tsaka da tashin hankali sai kiɗan ya ɗauke ɗif, ya yi shiru, sannan ya dawo.

Umma ta ce, "An cuce ka, wannan lalatacce ne. Mayar musu."

Yaya ya bincika a waya, ya gano an shirya kiɗan ne don wani wasan dandali na masu rawar buga ƙafa, masu ƙarfe a ƙasan takalmi. Shirun da gangan aka bar shi, ƙafafu ne ke cike wurin. Washegari ya ɗauki takalmin sallarsa da cokulan Umma, ya nufi wajen wani mai gyaran takalmi a Jarwal. Mutumin ya yanke kawunan cokulan, ya daddake su, ya kafa su da ƙusa a dunduniya da gaba. Har yau Umma ta ɗauka alhazan da ke sauka a wurin aikin Abba ne suka tafi da su.

Abba mai gadin wani bene ne a unguwar Aziziyya, irin wanda ake cikawa da alhazai lokacin Hajji, sauran shekara kuwa ko ƙadangare ya shiga sai ya yi sallama don kaɗaici. Da alhazai sun tafi ake naɗe kafet, a bar tayal tsirara. Nan Yaya yake hawa bayan la'asar, ni kuma aikina danna kiɗa da yi masa ba'a.

"Yaya, wallahi kamar jaki a kan kwano."

"Auta, danna mini kawai, ki rufe wannan bakin."

Abba bai taɓa son abin ba. Yakan tsaya a ƙasan matakala ya ɗaga murya: "Kai! A Makka ake, ba a gidan maƙera ba!" Sai mu yi tsit har ya koma kujerarsa.

Bara takardar zaman Yaya ta ƙare, ba a samu an sabunta ba. Ya fita sayo burodi da silifa a ƙafarsa, 'yan sanda suka tare shi a hanya. Daga baya aka tura shi Nijar, wajen dangin Abba, ƙasar da bai taɓa gani ba sai a hoton biki.

Umma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni na zauna ina jiran nawa ya zo. Bai zo ba. Na ci abinci, na ƙara. Na je makaranta na ba ƙawayena dariya, na ce yanzu Yaya yana can yana koya wa raƙuma rawa. Suka yi dariya, ni ma na buɗe baki yadda ake yi. Komai sai ya koma kamar ina kallonsa ta gilashin bas.

Da Hajji ya gabato sai ya turo mini saƙon murya. Bayansa ana jin akuya.

"Auta, na sauke kiɗan a waya, amma nan ko'ina yashi ne. Na buga ƙafa, ko ni ban ji ba. Sa takalmin nan ki buga mini na farkon faifan, ki turo. Kafin Abba ya shimfiɗa kafet."

Lokacin kuwa an riga an fara. Ma'aikata suna hawa da naɗaɗɗun kafet da katifu, bene bayan bene, daga ƙasa zuwa sama. In suka kai ƙarshe, sai bayan alhazai sun watse, kuma ban san ko Yaya zai sake tambaya ba. Saƙonninsa sun fara gajarta.

Na cusa safa a takalmin, don ƙafar Yaya kwale-kwale ce. Na hau can sama na gwada, ina ɗauka a waya. Ashe duk shekarun da na yi ina dariya ban koyi komai ba. Kiɗan ya ɗauke, ni kuma na tsaya cikin shirun kamar an dasa ni. Da na motsa, ƙarar ta fito kamar an zubar da kwandon kwanuka. Na goge. Na sake, na goge. Kullum bayan la'asar haka, kafet kuma yana biyo ni a baya, har ya rage ɗaki ɗaya a ƙarshen baranda.

Ranar da za a gama, ina ciki sai ga Abba a ƙofa, ma'aikaci a bayansa da kafet a kafaɗa. Ya dubi takalmin. Ya daɗe yana dubansa.

"Waɗannan cokulan Ummanki ne?"

"Na alhazai ne, Abba."

Bai yi dariya ba. Ya juya ya ce wa ma'aikacin da Larabci ya ajiye a baranda, wannan ɗakin sai gobe. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo wayar. Ina ake dannawa?"

Ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar za ta fashe. Jitar ta yi ihunta, gangunan suka rushe gininsu, shirun ya zo, na shiga. Na yi kuskure tun daga farko, ban tsaya ba. Da na gama Abba bai san yadda ake kashewa ba, don haka a ƙarshen saƙon ana jin numfashinsa, da muryarsa yana cewa, "To, ya isa haka?"

Haka na tura. Amsar ta zo bayan magariba.

"Jaki a kan kwano," in ji Yaya. Akuyar tana ta kuka a bayansa. "Abba ne ya riƙe miki?"

Na saurara a tsaye a kicin. Umma ta ce in miƙo mata cokali, na miƙa mata.