Ranar Da Taswirarmu Ta Yi Kore Shar

Shekara goma sha tara na yi ina buga takardu a ofishin gona, teburina na kallon na Baba Taswira, saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba labari aka ba ni ba. Gajere ne, tabaransa ɗaure da zare ta kunne ɗaya, kuma ko biro ba ya ba da aro. Aikinsa guda ne. Duk damina zai shimfiɗa taswirar yankinmu ya shafa wa kowane ƙauye launi: kore in ba tsutsa, rawaya in ana so a sa ido, ja in tsutsa ta shiga masara. Motar feshi ɗaya gare mu, maganin ma ba ya isa, don haka inda fensirin Baba ya yi ja, nan motar take zuwa. Sauran ƙauyuka sai dai su ji labarinta.

Da waya yake tattara bayanansa. Zai kira manomi, a yi gaisuwa ta ƙare a ɗauko sabuwa, sannan ya ce, "Yaya gonar?" Sai ya rufe ido yana saurare.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, da kunnena na ji mutumin nan ya ce da sauƙi, amma ka shafa masa ja?"

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "'Yar nan, kin taɓa zuwa duba mara lafiya aka ce miki jiki ya yi tsanani? Ranar da surukata za ta cika ma, da sauƙi aka ce mana. In manomi ya ce lafiya lau, kore ne. In ya ce da godiya, rawaya. In ya ce da sauƙi, tsutsa ta kai zuciyar masara. In kuwa ya yi shiru ya ce 'to', ki tashi direba."

Ana nan aka turo mana sabon darakta. Oga Bita muka sa masa, don rabin shekararsa a ɗakin taron bita yake yin ta, ya dawo da jaka da hula da sabuwar kalma. Ya ce kunnen tsoho ba ilimi ba ne. Ya kawo fom a kwamfuta mai gida uku: ɓarna mai tsanani, matsakaiciya, da sauƙi. Kiran manoma kuma ya dawo hannuna.

"Abin da ya fito daga bakinsu za ki danna," in ji shi, "ba abin da kike zato ba."

Na danna kuwa. Cikin ƙauyuka tamanin, saba'in da ɗaya suka ce da sauƙi, sauran suka ce lafiya lau, na rasa gidan da zan sa su, na haɗa su da 'yan uwansu. Taswira ta fito kore shar kamar ganyen alayyafo. Oga ya sa aka buga ta babba, aka yi mata gilashi, aka aika hedikwata. Hedikwata ta aiko da takardar yabo, ta kuma janye motar feshi zuwa yankin da ya fi mu bukata.

Baba ya shiga ofishin Oga, ƙofa a buɗe, ina jin su.

"Ranka ya daɗe, ƙauyen ƙetaren rafi ja ne. Yayana ke noma a can, uwa ɗaya uba ɗaya. Na kira shi jiya, na san muryarsa."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce da sauƙi."

"To, kai ka fi shi sanin gonarsa ne?"

Mako uku tsakani, tsutsa ta gama aikinta, ita da ba ta karanta taswira. Aka kafa kwamiti, ya zauna sau huɗu, ya gano masu laifi: manoma ne suka ba da bayanan ƙarya. Maganin abin, a shirya musu bita, a koya musu faɗin matsala. Baba zai koyar, ni in rubuta sunaye.

A wani aji na makarantar ƙetaren rafi muka yi ta. Dattawa sun maƙale a bencinan yara, gwiwa har ƙirji. Baba ya tsayar da yayansa, dogon tsoho mai faso a ƙafa.

"Yaya, maimaita abin da zan faɗa. Gonata ta lalace."

"Haba, ƙanena. Da bakina? Ina da rai, ina da lafiya. Wani ma ko gonar ba shi da ita."

Aji ya ɗauki dariya. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya. Na rubuta a rahoto cewa bita ta yi armashi.

Za mu shiga mota ke nan yayan ya ja Baba gefe, ya rage murya, amma na ji.

"Ka tuna irin masarar da tsohonmu ya bar mana, mai jan gemu? Shekara arba'in ina ware shi ina rataye shi a ɗaki. Bana duka na shuka, ko goyo ɗaya ban cire ba. In akwai ko cikin tafin hannu a wajenka, ka taimaka mini."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. "Zan duba, Yaya."

Ni na san ba shi da shi. Tun yana saurayi yake gidan haya a cikin gari, ko tukunyar fure bai ajiye ba. Kunya ta rufe ni, don yatsana ne ya danna wa ƙauyen nan kore.