Ranar da Sugan Baba Ya Sauka

Baba yana da ciwon suga, amma bai taɓa yarda ya ajiye azumi ba. Likita a Rano ya yi masa magana, ni ma na yi, sai ya ce mun cika tsoro.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, na zo gida Nariya hutu daga makarantar da nake koyar da ilimin halittu. Wata rana bayan azahar ina tankaɗe a tsakar gida, Inna ta ƙwala mini kira daga zaure. Na tarar da Baba jingine da bango, rigarsa sharkaf da gumi, carbi yana karkarwa a hannunsa. Ya dube ni, ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina goye.

"Ya sha ƙwayarsa da sahur?" na tambayi Inna.

"Ya sha. Tuwon ne bai ci ba, taɓawa kawai ya yi ya ture."

Na dama suga a kofi, na durƙusa gabansa. Ya kau da kai.

"Saura kaɗan a sha ruwa," in ji shi, harshensa ya yi nauyi. Alhali ko la'asar ba a kira ba.

Abin da nake zana wa ɗalibaina a allo ne yake faruwa a gabana. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗaukar suga daga jini, ta tsaga shi gida biyu, daga nan ta fara samun ƙarfin yin aiki. Tsoka tana da ɗan ajiyarta. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata shi take ci nan take. Magani ya janye sugan, ba abin da ya shiga ya maye gurbinsa.

"Baba, ƙwaƙwalwarka ce ke jin yunwa, ba cikinka ba. In ka suma ba zan iya ba ka komai ta baki ba, ga asibitin Kibiya da nisa."

Idanunsa suka fara lumshewa.

Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta fizge kofin daga hannuna.

"Malam, kai ka karantar da mu cewa mara lafiya ya sha, ya rama daga baya. Ko mu kaɗai hukuncin ya hau?"

Ya dube ta, sannan ya buɗe baki. Ta riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, ni ina riƙe da kansa, ina tsoron kada ya sarƙe. Muka zuba masa ido. Can rawar hannun ta lafa, ya shafa kai, ya tambaya ko wa ya cire masa hula.

Washegari maƙwabcinmu ya kai shi Kibiya a babur, aka sauya masa yadda zai riƙa shan maganin. Bayan damina ya rama azumin. Bai faɗa wa kowa ba, sai gani muka yi kokon safensa ya huce a kwano.