Lakar Gindin Jigo

A shekarun da Turawa suka matsa wa ƙasar Batsari da noman gyaɗa, ina yaro a Yasore. Da an idar da sallar magariba mukan taru a ƙofar ɗakin kakarmu, Iya Hanne. Ta hura wuta da karan dawa, ta turo mana kwandon gyaɗa mu ɓare. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga hannuwa na aiki.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta Tanko mai lambu. Shekarar fari ce, in ji ta. Rumbunsa ya ƙare da wuri, ba abin da iyalinsa suka dogara da shi sai albasar da ya dasa a fadama. Da jigo yake ban ruwa: doguwar sanda bisa gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a gindi. Tanko ya gaji da jawo cikakken guga, sai ya ƙara laka. Ya ji sauƙi, ya sake ƙarawa, har guga ya riƙa tasowa da kansa.

"To, wa zai mai da shi ƙasa?" Iya ta tambaye mu.

Sai Tanko ya rataya da duk jikinsa a igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Matarsa ta ce, "Malam, rage lakar nan." Bai rage ba. Rana ta uku igiya ta tsinke yana rataye, ya afka rijiyar, ya karya ƙugu. Maƙwabta suka fito da shi. Matar ce ta fasa rabin curin, ta ɗaura sabuwar igiya, ta shayar da albasar har aka cire. Da albasar nan suka kai damina.

Na ce, "Iya, ruwa ya fi ƙarfi ko laka?"

"Kai angona, ina kunnenka? Duk wanda ya rinjaya, kai za ka cika wa ɗayan da hannunka. Ɓare gyaɗarka."

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da aka kwashe mu aikin hanya, dutse ya faɗo mini a kafaɗa, hannuna na hagu ya shanye. Da na ji sauƙi na kafa jigo a bakin wani rafi wajen Safana. Kwana biyu ina ƙara laka ina ɓantarewa, har na samu inda saukar da guga da ɗago shi suka zo daidai a hannuna.

A da ina ɗauka labarin Tanko gargaɗi ne ga rago. Amma Tanko ba rago ba ne, yunwa ce ta ci ƙarfinsa. Abin da ya kuskure shi ne, jigo ba ya ɗauke wa mutum wahala. Raba ta yake yi biyu, rabi wajen sauka, rabi wajen tashi. Rabin kuwa hannu ɗaya na iya ɗauka. Da shi na ciyar da 'ya'ya biyar.