Waƙoƙin Marta a Kunyar Auduga

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Marta. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, matar ɗana ce ke rubuta wannan, amma maganar tawa ce, kuma na ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Marta 'yar duwatsun Nuba ce, Kirista. Ta zo Jazira, nan ƙasar Sudan, ɗibar auduga tana budurwa, ta zauna a kambo, wato bukkokin ma'aikatan gona da ke bayan ƙauyenmu, kudu da garin Hajj Abdalla. Ni kuwa jikar waɗanda suka taso daga Sakkwato ce, kuma tun ina da goyon fari ni ke ba da begen Annabi mata na amshi. Allah ya ba ni murya mai kauri, irin wadda in na buɗe ta a bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan gonaki, ake ji a tsallake. Ban taɓa jin kunyarta ba.

Marta ce shugabar mawaƙan kanisarsu, ɗan cocin nan na laka. Ba su da lokacin zama koyon waƙa, don haka a gona take koya musu. Sai ta jera su kunya-kunya: masu siririyar murya a kunyar farko, matsakaita a ta biyu, masu kauri a ta uku. Kowa a duƙe, hannu na ɗiba, buhu na jan ƙasa, waƙa na tafiya daidai da taku. Mu a wajenmu ɗaya ke bayarwa saura su amsa. Su kuwa murya uku ke tashi lokaci guda, kowace da hanyarta, su haɗu a ƙarshe. Ban taɓa jin irinta ba sai a wurinta.

Wata rana ina kunya ta huɗu, na ji 'yan kunya ta uku sun sake ɓata wuri ɗaya har sau biyar. Haushi ya kama ni. Bakina a rufe na yi musu ita a maƙogwaro yadda ya kamata. Marta ta miƙe tsaye.

"Wace ce wannan?"

Na ce, "Ni ce. Matanki sun ishe ni."

Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, sake yi."

Na ce, "Kalmominku ba za su fito daga bakina ba. Ina da nawa addinin."

Ta yi dariya. "Wa ya nemi bakinki? Rufe shi da kyau. Maƙogwaron kawai nake so, su jingina da shi."

Haka muka yi kaka wajen ashirin. Ban taɓa taka ƙofar kanisarsu ba, ita ma ba ta taɓa ce mini in zo ba. In azahar ta yi, ita ke tsayar da waƙa har in idar da salla. Waƙoƙi tara ne nata na kanta, waɗanda ta tsara da harshensu, ba a rubuta su ko'ina ba. Har yau ban san ma'anarsu ba, amma kashin masu kaurin murya yana cikina kamar sunayen 'ya'yana.

Da Marta za ta ɗago kai yau, da ta ga tur'a ta cika da ciyawa, kambo ya zama rabin kango tun da yaƙin nan ya watsa mutane. Da ta tarar a kanisa an ajiye wani akwatin kiɗa mai batir, shi ke ja mata na bin sa da murya guda. Na san abin da za ta yi. Za ta tsaya ta karkata kai, ta ce waƙar nan ba ta da ƙasan takawa.

Bayan damina 'yarta Istir ta dawo da mata bakwai. Ta yi sallama, ta zauna a bakin tabarmata, ta ce, "Halti, 'yar'uwar uwata, kashin murya na sama muna da shi, na tsakiya muna da shi. 'Yan kunya ta uku kuwa, biyu sun mutu, sauran ba mu san inda suke ba. Ke kaɗai kika rage."

Ɗana Bello bai so ba. Ya ce, "Inna, yanzu ba da ba ne. A masallaci za a ce uwar Bello na koyar da waƙar kanisa."

Na ce, "Sa'ad da kake bayana a goye, a kan wace murya kake barci? Ka tashi kafiri?"

Ya ce, "Ba haka nake nufi ba."

Na ce, "To amanar mutane ce a maƙogwarona. Ba zan shiga kabari da kayan wani ba."

Biyu daga cikin matan da ke mini amshin bege sun daina zuwa. Ban aika a kira su ba, ban kuma yi fushi da su ba.

Ranar farko a tsakar gida muka zauna, sai abin ya ƙi. In fara, in kai tsakiya, ya ɓace mini. Kunya ta kama ni, ni da ban taɓa manta baiti ba. Ashe ban taɓa yin waƙoƙin nan a zaune ba. A duƙe na koye su, ina tafiya. Bana ba mu shuka auduga ba, sai na ce su bi ni gonar kuɓewa. Na jera su kunya uku, na sa mata biyu masu ɗan kauri a gefena, muka duƙa. Taku na huɗu waƙar ta dawo gaba ɗayanta. Istir ta ci gaba da tsinke kuɓewa hawaye na zuba, ba ta ko fasa nata kashin ba. Na ce a raina, wannan 'yar Marta ce.

Marta ba ta bar wa kowa gadon gona ba, ba ta bar gida ba, bukkarta ma ruwa ya cinye. Abin da ta bari waƙa tara ne, da mata da suka san yadda kowace ke riƙe tata murya ba tare da ta ture ta 'yar'uwarta ba. Shida sun riga sun fita daga wurina sun koma ga masu su. Saura uku. Bayana ba ya son duƙawa, numfashina kuma yakan yanke kafin ƙarshen kunya, shi ya sa na ce wa Istir mu daina jiran Asabar da muka saba haɗuwa, su riƙa zuwa kullum da hantsi. Bello ya ce in bari sai sanyi ya wuce in ji ƙarfi. Na ce masa ya sassaƙo mini sanda, gobe za mu shiga ta bakwai.