Malam Alfari da Harafin Sinun

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran kakana Malam Alfari, limamin masallacin bakin tashar Gaya, bayan 'yar jinya. Ni ne Issa, jikan da ya fi damun ka, Malam. Yau ma ba zan ƙyale ka ba.

Tun ranar da kabu-kabu ya kayar da kai a gadar Malanbil, haƙoranka na sama suka zube, harafin sinun ya ƙi ka. In ka ja Bismilla sai fito ya biyo baya. Na sa maka suna Jirgin Kwatano, jirgin ƙasan nan mai fito. Ka yi dariya, amma limanci ka ajiye shi, ka ce ba ka jan mutane salla da harafi gurgu. Mun san abin ya ci maka rai.

Da aka kai ka Yamai wajen likitar haƙori, ta ce sai an yi radiyo, wato hoton ƙashi. Na rantse maka akwatin radiyo za su dasa maka a baki, mu riƙa kama labarai. Ka ce to, tashar farko zagin Issa za ta watsa.

Likita ta ce ƙashin sama ba kamar na ƙasa ba ne, taushi gare shi, naka kuma ya sirance. Sai da ta ƙara maka garin ƙashi, aka jira watanni ya kama, sannan ta huda rami wanda bai kai kaurin ƙusar da za a ɗora sababbin haƙora a kanta ba, don ƙusa ta shiga da matsi ta cije. Ka dawo kana ba mutane labari, wai haka ake kafa turken kwalekwale a rairayi. Aka kuma hana ka goro har ƙusa ta zauna. Ni kuwa kullum in zo gabanka in fasa ɗaya, ƙaras. Ba ka taɓa miƙo hannu ba, sanda kawai kake lalube.

Ranar da ka koma gaban sahu, Nasi ka karanta, surar da sinun ya cika. Ina bayanka na kasa kunne. Ko iska ba ta fita ba. Da aka sallame ka juyo, ka washe mini baki, ka ce, "Ɗan nema, ina jirgin naka?" Daga nan ba ka sake ba kowa gaban sahu ba sai da ciwon ajali ya kwantar da kai.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya sa Alƙur'anin da ka ƙi yi wa rauni ya cece ka, Ya haskaka makwancinka. Ina yi wa kakata Hafsatu ta'aziyya, da Baba Yalwa, da jama'ar masallaci baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.