Bayan Takardata Har Yau Fari Ne, Malama Hasiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, bayan la'asar, abokin aikinmu Malam Pam ya bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ranki, Malama Hasiya. Shekara ashirin da bakwai kina riƙe da alli a firamaren unguwarmu ta Abatuwa.

A shekarar 2000 na san ki, da kwaleji ta turo mu mu tara koyarwar gwaji. Kafin ki bar mu mu shiga aji kika raba mana fallen takarda, kika ce kowa ya rubuta abin da ya kawo shi malanta, ban da ƙarya. Na rubuta cewa jami'a ce ta hana ni karatun lauya. Ba ki ɓata rai ba. Kika ce ranar tafiya kowa zai juya takardarsa ya rubuta amsa ta biyu. Kowa ya rubuta, ban da ni, don a ganina fakewa kawai nake yi.

Ranar da 'yan aji huɗu suka fi ƙarfina, ke kika zauna a baya kina kallo, sai da aka tashi kika koya mini kiran kowane yaro da sunansa. Bayan na kama aikin a makarantar ma ba ki ƙyale ni ba. Ko a Tina Junction muka haɗu muna jiran mota sai ki ce, "Musaddiq, ɗana, bayan takardarka har yau fari ne." In yi dariya in wuce.

Ranar addu'ar uku na je makaranta karɓar takardata da kika adana. Hedimasta, wanda da safen nan ya gama zuba jawabi a ƙofar gidanki yana share hawaye, ya riga ya sa an kwashe kabad ɗinki. Takardun ɗalibanki na shekara da shekaru an kai wa mahauta su naɗe nama.

"Malam, ai tarkace ne," in ji shi. "Wa ke zaɓar malanta? Faɗowa ake yi."

Ƙyama ta cika ni, na fita ko sallama ban yi masa ba. A wurin mahautan na tsinto kamar arba'in, duk jini da kitse. Wata Akunna ta rubuta a gaba cewa ana tashi da wuri, za ta samu ta buɗe shago. A baya kuwa ta ce wata yarinya ta fara karanta sunanta a hannunta, don haka ba inda za ta. Tawa ban gan ta ba. Ƙila tana kwata.

Amma kaina na fi ƙyama, Malama. Maganar hedimastan nan ita ce a raina shekara shida, kuma a ran nan, da takardar barin aiki a aljihuna na je, don wani kamfanin waya ya ɗauke ni. Ban miƙa ta ba. Na juya ta na rubuta a bayanta: faɗowa na yi, kika ɗaga ni, yanzu da ƙafata zan tsaya. Litinin ina aji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Alhaji Abdulmalik da 'yarki Sumayya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya yafe mini amsar da na kawo a makare.